Doki, Bajimi da Rijiyar Garhanga

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara rani ya yi tsawo a ƙasar Adar. Koramu sun kafe, tabkunan da aikin Keita ya datse tsakanin duwatsu sun koma laka mai tsattsagewa, har dabbobin Garhanga suka rage da rijiya guda a bakin fadama, mai zurfin gaba 20. Bajimi da Doki ne ke jan ruwa, yau wannan gobe wancan, sauran dabbobi su jeru a bakin kwami su sha. Ba a taɓa jin kansu ba, sai ranar da Jaki ya dawo daga kasuwar Keita ɗauke da sabon injin ban-ruwa na wani mai lambun albasa.

Ko numfasawa bai yi ba ya ce, "Jama'a, kun ji abin da na jiyo? Mai sayar da injin nan dafa shi ya yi ya ce doki biyar da rabi ne a cikinsa. Motar da na gani a tasha kuma, an ce doki 130 gare ta."

Doki ya ɗaga kai ya kaɗa geza. Ya ce, "Ai da ma. Duk duniya in za a auna ƙarfi, sunana ake kira."

Bajimi ya daina tuƙa. Ya ce, "Ƙane, wa ke jan garma a fako? Wa ke fid da amalanke in ta kafe a yashin korama? Ranar da aka ɗaura maka babban wasakina, ko motsa shi ka yi?"

Magana ta yi zafi, har Baba Raƙumi ya sa baki. Ya ce, "Ku saurara, yara. Ina ɗan ƙarami a 1984, shekarar yunwa, lokacin da Italiya ta ba da kuɗi aka buɗe aikin Keita. Na ga mata suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa a gangaren tudu, na ga manyan motocin turan ƙasa. Tafiyarsu ta hawainiya ce, amma tudu suke turewa. In ƙarfi ne, irin na Bajimi ne, amma ko su da doki aka ƙidaya su. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mu tafi wurin Malam Dila."

Malam Dila ya yi shekaru a bayan wani garejin gyaran mota a Tawa, yana kwana ƙarƙashin tsofaffin motoci, yana jin hirar makanikai. Suka same shi a bakin kogonsa, suka gaisa, Raƙumi ya ce, "Allah gafarta Malam, shari'a muka kawo."

Da ya ji ta bakin kowa, sai ya ce, "Sunan yana da asali. Wani mutumin Sikotilan ne, James Watt, yake ƙera injinan tururi yana sayar wa masu aiki da dawakai. Mai saye yakan tambaye shi, injin naka dawakai nawa zai hutar mini? Sai ya auna aikin dokin da ke zagaya injin niƙa, a 1783 ya tsayar da ma'auni: ɗaga fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya. Faransawa suka zo da nasu mai kama da shi, kilo 75, mita ɗaya, sakan ɗaya. Ku lura, abu uku ne a ciki: nauyi, da nisa, da lokaci. Kai Bajimi nauyi kaɗai kake kallo. Kai kuma Doki sunanka kaɗai ka ji."

Bajimi ya ce shi bai gane lissafin Turawa ba, a nuna masa da ido. Dila ya ce, "To, gobe da hantsi a bakin rijiya."

Gari ya waye. Dila ya kafa sanda a ƙasa, ya ja layi a inda inuwarta take, ya ja wani a gaba kaɗan. Ya ce zangon aiki ɗaya shi ne tafiyar inuwa daga wannan layi zuwa wancan. Aka ba Bushiya tsakuwa, duk wasakin da ya fito ta ajiye ɗaya. Akuya ta ɗauki ƙwarya tana auna ruwan da ya iso kwami. Hankaka ya hau bakin rijiya yana leƙa ciki.

Wasakin Doki, in ya cika, ƙwarya 20 yake ci. Tsoho ne, da ɗan huji a gindinsa wanda aka sha ɗinkewa.

Dila ya ce ya fara da tafiyar ƙasaita. Doki ya yi ta takawa sannu sannu, igiya na bi ta kan ƙaramar ƙafar itace mai juyawa da ke rataye bisa rijiyar. Wasaki ya nutse ya cika fal, amma kafin ya gama hawa gaba 20 yana ta tsiyaya, ana jin ɗigarsa a can ƙasa, ɗil, ɗil. Da inuwa ta kai layi, Bushiya na da tsakuwa 10, kowane wasaki ya iso da ƙwarya 15. Ruwan kwami, ƙwarya 150.

Zango na biyu ya ƙara sauri, ya kama tafiya mai kyau, wadda mahayi ke jin daɗinta. Wasaki yana samun lokacin cika, ba ya kuma daɗewa a hanya balle ya zubar. Hankaka ya ce, "Fal yake fitowa!" Tsakuwa 20, kowace da ƙwarya 20 cif. Ruwan kwami, 400.

Bajimi ya ce, "To, ya kai iyakarsa. Wasaki dai ba ya wuce cika."

Dila bai tanka ba, ya ce Doki ya yi sassarfa. Igiya ta fara kuka a kan itace. Hankaka ya leƙa ya ce, "Malam, bai gama nutsewa ba ake fizge shi." Gaskiya ne, ƙwarya 17 kawai yake isowa da ita. Amma da inuwa ta kai layi, tsakuwar Bushiya 30 ce. Akuya ta ƙirga ta sake ƙirgawa, 510.

Wuri ya yi tsit. Tinkiya ta ce, "Yaya wasaki zai ragu ruwa ya ƙaru?"

Doki kuwa daɗi ya kama shi, bai jira umarni ba ya zuba sukuwa. Ƙura ta tashi, wasaki ya dinga dukan ruwa yana tashi kafin bakinsa ya nutse. Tsakuwa 40 Bushiya ta tara, amma ƙwarya 11 kowane ya kawo. Ruwan kwami ya faɗo zuwa 440, Doki ya tsaya yana haki, kumfa na zuba a bakinsa.

A nan zan dakata da labari kaɗan, don wannan wurin ne ya sa nake son tatsuniyar. Cikin inji ma wasaki ake ja. Fistin ya sauka ya zuƙo iska, a haɗa ta da mai a ƙona, ƙarfin ƙunar ya tura fistin, shi kuma ya murɗa sandar inji. Ƙarfin wannan murɗawa, mu kira shi murɗi, shi ne ruwan da wasaki ɗaya ya kawo. Duk wanda ya taɓa zura bututu a sifana don kwance notin taya ya san shi a hannunsa: nauyin da ka danna da tsawon abin da ka danna. Da Niyuton-mita ake auna shi, kuma guda 10 kusan daidai yake da rataya kilo ɗaya a ƙarshen sifana mai tsawon mita. Tsakuwar Bushiya ita ce yawan juyin inji a minti. Ruwan da ya taru a kwami shi ne ƙarfin doki. In inji na juyawa a hankali ƙwarai, zafi yana tserewa ta bangon silinda, wani matsin yana zurarewa ta gefen fistin, kamar wasaki mai huji. In ya yi gudu ƙwarai, ƙofar iska tana buɗewa ta rufe kafin silinda ta cika, gogayya kuma tana cin nata rabo.

Ɗauki injin da Jaki ya ɗauko, a ce Honda GX160 ne, irin wanda ake ja da igiya a lambunan albasa. A kasuwa doki biyar da rabi ake kiransa, takardar kamfanin ta yanzu kuwa 4.8 ta rubuta. Murɗinsa yana kai ƙololuwa a juyi 2,500, Niyuton-mita 10.3. In ka ninka murɗi da juyi ka raba da 9,549, kilowat ne zai fito, a nan 2.7, wato doki 3.6. Ƙara masa wuta zuwa juyi 3,600, murɗi ya sauko wajen 9.5, amma aiki ya hau kilowat 3.6, doki 4.8. Wasaki ya ragu, ruwa ya ƙaru, kamar yadda Tinkiya ta gani. Masu duba zanen injinan Amurka, inda ake auna murɗi da fam da ƙafa, sukan yi mamakin ganin layin murɗi da na doki kullum suna gittawa a juyi 5,252. Lissafin Watt ne ya haifi wannan lamba, 33,000 da aka raba da 6.283 na kewayen da'ira, ba wani hali na injin ba.

Mu koma rijiya.

Aka ɗaura wa Bajimi nasa wasaki, ninkin na Doki, mai cin ƙwarya 40. Ya sunkuyar da kai, tozonsa ya motsa, wasaki ya taso kamar ba komai a ciki. Tsakuwa 10, ƙwarya 400, bai ko yi gumi ba. Dila ya ce ya ƙara sauri. Ya ƙara iyakar ƙoƙarinsa, tsakuwa 12, kowace da 38, jimla 456. Daga nan ƙafafunsa suka ƙi, jikin ba na gudu ba ne.

Doki ya ce, "510 da 456. Na ci."

Bajimi ya ce, "40 da 20. Na ci."

Kowa ya kama nasa, aka watse ba a shirya ba. Dila ya tattara sandarsa ya ce shi dai ya nuna, gani ya rage ga mai ido.

Bayan kwana uku aka ɗaura wa Bajimi amalanke zuwa kasuwar Tamaske. A daren nan ɗan taguwa, jikan Baba Raƙumi, ƙishi ya tashe shi, ya nufi rijiya shi kaɗai, ƙafarsa ta zame a laka ya rufta. Kukan uwarsa ne ya tashi gari. Hankaka ya leƙa da hasken farin wata ya ce yana da rai, ruwa ya kai masa wuya, yana ta ɗaga hanci.

Biri ya bi igiya ya sauka, ya ɗaure shi a ƙirji da ƙugu. Aka sa wa Doki igiya. Ya yunƙura, igiya ta miƙe ta yi tauri kamar ƙarfe. Ya sake yunƙurawa, kofatansa suka kankare ƙasa, ya durƙusa a gwiwa. Ɗan taguwa ya kai nauyin wasakin Doki uku da ɗoriya, ko taki ɗaya bai ɗagu ba. Duk gudun nan na ranar gwaji bai da amfani, tunda kaya sun hana shi ko fara tafiya. Doki ya dubi Raƙumi hawaye na zubo masa, ya ce, "Baba, da Bajimi na nan."

Sai ga Gizo, Ƙoƙi na biye da shi ɗauke da ƙafafun itace guda uku da suka ciro daga tsofaffin rijiyoyin da suka kafe. Ya ce, "In na fid da shi, ni zan riƙa fara shan ruwa har damina ta faɗi." Raƙumi ya ce ya yarda, ko har badi.

Gizo gwanin zare ne. Ya sa aka tattaro igiyoyin gari duka aka ƙulla. Ya ɗaure baki ɗaya a gungumen da ke gicciye bisa rijiya, ya saukar da igiyar ta zagaya wata ƙafar itace da Biri ya ɗaura a jikin ɗan taguwa, ta hauro ta bi ta ƙafar sama, ta sake sauka ta zagaya wata, ta sake haurowa, sannan ta tafi wuyan Doki. Igiya huɗu ke nan riƙe da kaya maimakon ɗaya.

Ya ce, "Yanzu kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin za ka ji. Amma ba kyauta ba ce. Kowace gaba ɗaya da yaron zai hau, sai ka yi tafiyar gaba huɗu. Rijiya gaba 20 ce, kai gaba 80 ke gabanka."

Hankaka ya yi ƙara, "Ku yi sauri, hancinsa na nutsewa!"

Doki ya ɗaga ƙafa zai yi sukuwa, Dila ya tare shi. "Ba sukuwa ba, ɗana, ka ga abin da ta yi maka. Ba tafiyar ƙasaita ba kuma. Sassarfar nan ta zango na uku, inda kwami ya fi saurin cika, ita za ka kama, kada ka wuce ta."

Doki ya ja. Igiya ta saki jiki, ƙafafun itace huɗu suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Ya wuce kwami, ya wuce gawon da ake hutawa a gindinsa, ya shiga gonar gero da aka girbe, karan bara na karyewa ƙarƙashin kofatansa. A rijiya kuwa ɗan taguwa yana tasowa sannu sannu, ruwa na zuba daga gashinsa, har dogon wuyansa ya bayyana, uwarsa ta kama shi da haƙori ta jawo shi kan tudu.

Da Bajimi ya dawo aka ba shi labari, ya daɗe yana kallon igiyoyin. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni da ninki biyu kawai aka yi mini da na fid da shi."

Dila ya ce, "Ba shakka. Da gaba 40 kawai za ka yi. Amma takunka bai kai rabin nasa sauri ba, don haka da kusan tare za ku kai, shi yana gaba da kai da ɗan kaɗan. Igiyar Gizo tana mayar da sauri ya zama ƙarfin ja. Abin da ba ta iyawa shi ne ƙara ko ƙwarya ɗaya a kan abin da mai ja yake da shi. Kai kuma abin da ka fi shi, ba ka bukatar ninki da yawa, kuma haka za ka wuni kana yi ba kumfa a baki."

Igiyar Gizo ita ce giya. Abin da ke ba ni takaici, samari da yawa da ke tuƙi a hanyoyinmu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu wannan. An gaya musu babbar giya tana rage shan mai, sai su kama ta ko a hawan dutse, inji na kuka suna danna totur.

Irin wannan abu dabbobin suka gani da idonsu bayan sati guda, suna kiwo a gefen hanyar da ke hawa tudu. Wata Land Cruiser ta taso daga fadama, buhunan albasa sun yi mata tozo, mutane zaune a kansu. Injin irin waɗannan motoci, 1HZ na Toyota mai lita 4.2, dangin Bajimi ne: murɗinsa Niyuton-mita 285 a juyi 2,200, kamar kilo 29 a ƙarshen sifana mai mita ɗaya, ƙarfinsa kuma kilowat 96, wajen doki 130, a juyi 3,800. Direban yaro ne. Ya shigo hawan da giya ta huɗu, inji na juyi ƙasa ƙasa. Tudu ya rage masa gudu, juyi ya ƙara faɗuwa, murɗi ya bi shi ƙasa, don can gefen da wasaki ke tsiyaya yake. Ya take totur har ƙasa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, motar ta yi ta karkarwa, gat, gat, gat, ta mutu. Yaron mota ya diro da gudu ya cusa waji a bayan taya, mata na salati.

Wani dattijo daga cikin fasinja, hularsa duk ƙura, ya sauko ya zagayo wajen taga. Ya ce, "Ɗana, shekara nawa kana tuƙi?"

"Biyu, Baba."

"Ni na yi talatin ina kai albasar Galmi har Abijan. Tayar da ita. Sa ta ɗaya. In ta ɗauka ka ba ta ta biyu, ka bar inji ya hau wajen 3,000, ka riƙe shi a nan. In hawan ya tsananta juyi ya fara sauka, kada ka tsorata, wurin ƙarfinsa yake komawa, zai ƙara ja da kansa. Amma in ya gangaro ƙasa da 2,200, kada ka jira, sauke giya."

Yaron ya ce, "To, Baba." Ya murza makulli, ya taka kuloci, ya sa giya. Yaron mota ya zare waji ya ɗafe baya. Motar ta yunƙura ta ɗauki hanya, muryar inji ta hau ta tsaya wuri ɗaya, hayaƙi ya washe. A tsakiyar hawan, inda ruwan damina ya zaizaye hanya duwatsu suka fito, muryar ta ɗan yi ƙasa ta yi kauri, buhunan albasa suka girgiza, tayoyi suka kama dutse suka haye.

Bajimi ya ɗaga kunne. Ya ce, "Ƙane, ka ji? Nan ne wasaki ke fitowa fal."

Doki ya ce, "Na ji, Yaya. Saurara kuma, ga shi yana komawa sassarfa."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallo har motar ta ɓace bayan tudu, ƙurarta ta kwanta a kan ƙaya. Sannan suka gangara rijiya, don rana ta take, kwami babu ruwa, Gizo kuma tuni ya zauna a bakinsa da ƙwaryarsa yana jiran wasakin farko.

Ƙurunƙus.